Zagayen ƙasar Gumel: Leda ta shiga tsakanin juji da rumbu

Wanda ya tashi daga Kano zuwa Gumel a tsakiyar rani ba ya buƙatar allon hanya ya gaya masa gari ya kusa. Da an wuce Gujungu ƙasa takan soma komawa rairayi, gonaki a share fetal, babu kore sai na gawo, wanda shi al'adarsa daban ce: da rani yake ganye, da damina ya zubar. To, in ka ga ƙayoyin bakin hanya sun fara yin baƙi-baƙi, kowace magarya da kowace bagaruwa ta rataya leda kamar an yi mata shanya, ka tabbata akwai gari ko kasuwa a gaba. Yawan ledar shi ke nuna girman garin.

Kwana huɗu muka yi muna zagaya ƙananan hukumomi huɗu da suka haɗu suka yi Masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar da Gagarawa, a arewacin Jihar Jigawa. Tsohuwar masarauta ce da Mangawa suka kafa wajen shekarar 1750, kuma a zamanin da, Barno take bi, ba Sakkwato ba. Amma mu ba tarihin sarauta ya kai mu ba. Abin da muka je dubawa shi ne shara, da yadda take taɓa abincin da ke shiga bakin mutane.

Washegarin saukarmu a Gumel, tun rana ba ta yi zafi ba, muka ga jakuna da mangala da amalanken shanu suna fita bayan gari ɗauke da ƙasa baƙa. Juji ne ake kwashewa zuwa gona. Ɗalibin da ya tashi a birni zai iya ɗaukar juji a matsayin ƙazanta kawai, amma a nan dukiya ne, har sayensa ake yi. Dalili yana cikin sunan jihar kanta. Jigawa ita ce ƙasa mai rairayi, kuma rairayi ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe abincin shuka. In ka zuba masa takin zamani kaɗai, ruwan sama mai ƙarfi kan tafi da wani kaso nasa can ƙasa inda saiwar gero ba ta kai ba, ga shi kuma buhun taki ya yi tsadar da ba kowa ke iya saye ba. Ruɓaɓɓen juji kuwa kamar soso yake a cikin ƙasa: yana tsotse ruwa ya riƙe, yana sakin abinci a hankali.

Me ke cikin jujin gidan da? Toka daga murhu, kashin awaki da na kaji, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, ruɓaɓɓen zana, tsohuwar tabarmar kaba, fasasshiyar ƙwarya. Duk abin da ka lissafa daga gona ko daji ya fito, kuma can zai koma. Hasali ma abu kaɗan ne yake kaiwa ga jujin. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame. Ƙanzon gindin tukunya a shanya shi, ranar da babu cefane a jiƙa a kwaɗa. Dusa da ruwan tsari na dabbobi ne, haka harawa da karmami. Kara a yi danga ko a dafa abinci. Kakanninmu ba su taɓa jin kalmar kare muhalli ba, amma gidansu ba ya fitar da abin da ƙasa za ta kasa ci.

A wata gona da ke gefen hanya mun tarar da wani dattijo da jikokinsa biyu a tsugune gaban tarin takin da aka sauke masa. Ba watsawa suke yi ba, tsince-tsince suke yi. Bayan mun gaisa muka ce, "Baba, me ake nema a ciki?" Sai ya ɗago wata doguwar leda da ta yi fari-fari don tsufa, ya ce, "Wannan, 'ya'yana. Komai ya ruɓe, ita ta ƙi." A gefensa akwai tarin abin da suka fitar: baƙar leda, ledar fiya wata, ledar omo da ta maggi, tsohon batir, silifas ɗaya. Ya ce in ya bar ta a ciki, inda duk ta kwanta ruwa ba ya ratsawa, saiwa ba ta wucewa, ranar noma kuma ta naɗe bakin fartanya. Aikin da a da na wuni ɗaya ne, yanzu yana cin kwanaki.

Wasu manoman sun gaji da tsintar, sai su cinna wa jujin wuta don ledar ta ƙone. A ganinmu wannan asara biyu ce. Wuta tana cinye ruɓaɓɓen abin da ƙasar ke buƙata ta bar toka, sannan hayaƙin leda guba ne ga huhu. Wannan hayaƙin ne kuma iyayenmu mata da yawa suke shaƙa kullum safiya in sun ɗauko leda sun hura wuta da ita saboda tsadar kananzir.

Ran Alhamis muka yi arewa zuwa Maigatari, tafiyar da ba ta kai ta awa ɗaya ba, domin ita ce ranar kasuwa. Garin a bakin iyakar Najeriya da Nijar yake, kasuwarsa kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya yi ƙoƙari ya je ko sau ɗaya. Ga raƙuma tsaye kamar gine-gine, ga shanu masu dogayen ƙahoni da aka koro daga ƙasar Damagaram da gaba da ita, ga tumaki da awaki da jakuna da dawaki, kowane da ɓangarensa. Dillalai na ta ciniki, Hausa da Fulatanci da Barbarci na tashi a lokaci guda, manyan motoci sun yi layi suna lodi zuwa kudu. A wani ɓangaren kuma buhunan riɗi ne da zoɓo, waɗanda wasunsu sai sun tsallaka teku. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa buɗe ta daga ɓangaren Najeriya a Maris ɗin 2024, mutanen garin sun ji a jikinsu, domin kasuwar ce gonarsu ta rani.

Dubban mutanen nan kuwa sai sun ci sun sha. Mun tsaya wajen masu abinci muna kallo. Ƙosai a leda, awara a leda, yaji a wata 'yar ledar daban, kunu a leda a huda gefe a tsotsa, fura ma a leda. Goro guda biyu, a leda. Ruwa kuma fiya wata, a sha a yar a inda ake tsaye. Ba mu ga laifin kowa ba a wannan zafin rana, kuma babu kwandon shara da mutum zai ce ya tsallake. Amma da la'asar ta yi, kasuwa ta fara watsewa, sai ƙasar wurin ta fito fili, kuma abin da ke kanta ba ya ƙirguwa. Iska na kwasa tana yi da shi cikin gari da gonaki. Bayan mutane kuma sai masu kiwon dare su iso: awakin gari da tumaki, suna bin ledar da ke ƙanshin mai da gishiri.

A nan ne darasin bayoloji yake shigowa. Saniya da tunkiya da akuya cikinsu kashi huɗu ne, mafi girma shi ne tumbi. A cikin tumbi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke narkar da ciyawa, dabbar kuma ta dawo da ita baki ta yi tuƙa. Waɗannan halittu ba su iya narkar da leda. Wadda aka haɗiya yau tana nan, ta gobe ta zo ta same ta, su cuɗe da igiya da tsumma su zama dunƙule. Dunƙulen ya cika wurin da abinci zai zauna. Dabba ta ji kamar ta ƙoshi alhali yunwa na cin ta. Sai a ga tana ramewa, ciki ya yi tauri, gashi ya tashi, nono ya ragu, a yi ta sayen magani ana ɗura mata a banza. Saniya ma ta fi shiga haɗari, don ita da harshe take sharo abinci ba ta tsayawa zaɓe. Abin ya fi tsanani a ƙarshen rani, lokacin da daji ya ƙone babu abin ci. Likitan dabbobi yana iya tsaga ciki ya fitar, amma ba kowane ƙauye ke da likita ba, kuma sau da yawa mahauci ne yake fara ganin abin da ya faru. Wani mahauci da muka zanta da shi a bakin kasuwar ya ce su yanzu in sun buɗe tumbin dabbar gari ba su ga leda ba, shi ne abin mamaki.

Ku tsaya ku auna abin da akuya take nufi a gidan talaka. Ita ce bankin mace a karkara. In hatsi ya ƙare a rumbu a tsakiyar damina, sabo bai nuna ba, akuya ake kaiwa kasuwa a auno gero. In lokacin biyan kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO ya zo, ita ce. In yaro ya kwanta rashin lafiya, ita ce. Ledar da ba ta kai naira goma ba tana iya hallaka dabbar da za ta ciyar da gida wata guda.

Daga kasuwar ana iya hango ƙasar Nijar, wadda tun 2014 ta kafa dokar hana shigowa da sayar da irin wannan sirirriyar leda. Duk da haka ledar tana nan a kasuwanninsu kamar yadda take a namu. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, kuma su an ga bambanci saboda sun bi dokar da gaske. Mu a nan ko an yi doka, sai an sami mutanen da suka yarda su canza hannu tukuna. Labarin da ya fi kama da namu daga Gambiya yake. A wani ƙauye mai suna Njau, wata mata, Isatou Ceesay, ta ga awakin ƙauyensu na mutuwa saboda leda. A 1997 ita da wasu mata huɗu suka fara tsinto ledar, su wanke, su yanka ta zare-zare, su saƙa 'yan jakunkuna su sayar. Da farko a ɓoye suke yi saboda dariyar da ake musu. Yau ɗaruruwan mata ne suke cin abinci da wannan sana'a.

Ran Juma'a muka yi yamma da Gumel zuwa Sule Tankarkar, ƙasar gero da wake da riɗi. A ƙauyukan hanya har yanzu ana ganin rumbuna tsaye a bayan gida, an ɗora su kan duwatsu ko itace don gudun gara da damshi. Nan muka ga ɗaya fuskar maganar, wato abincin da aka riga aka noma amma bai kai tukunya ba. Gero a zangarniyarsa yana jimirin ajiya. Wake kuwa ba ya yi. Ƙwaron wake tun a gona yake yin ƙwai, a shigo da shi gida ba a sani ba, bayan 'yan watanni a buɗe buhu a tarar da huji da gari. Saboda tsoron haka manomi kan sayar da wakensa da kaka, lokacin da ya fi araha, ya dawo ya saya da tsada da bazara. Wasu kuma su zuba masa maganin ƙwari, wanda ke bin waken har cikin faranti. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan magani a jikinsa. Su sun ƙi, mu muka ci gaba da ci.

Abin da ya ba mu sha'awa shi ne maganin wannan matsala ma leda ce. Akwai buhun da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro bayan binciken da suka soma a Kamaru, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu ce masu kauri a ciki, buhu na uku a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace ɗaya daban. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Muddin bai huje ba, buhu ɗaya yana yin kaka biyu ko uku. Wasu matan kuma jarka suke cikawa fal su toshe bakin, hikimar ɗaya ce. Saboda haka ba mu yarda da masu cewa duk wata roba abokiyar gaba ce ba. Wadda ke tsare wake shekara guda daban, wadda ke ɗaukar ƙosai minti biyar ta yi shekaru a gona daban.

Wannan asara ba tamu ce mu kaɗai ba. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce mutum kusan miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023: ɗaya cikin 11 a duniya, ɗaya cikin biyar a Afirka. Hukumar muhalli ta Majalisar kuma ta ƙiyasta cewa a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a gidaje da shaguna da wuraren cin abinci, kashi 60 cikin 100 daga gidaje. A ƙasashen masu kuɗi yawanci a faranti da firji abincin ke lalacewa, a irin namu kuma da yawa tun tsakanin gona da kasuwa yake salwanta. Amma kada mu wanke kanmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan an tashi daga walimar biki a garuruwanmu ya ga robobin shinkafa rabi-rabi a zube, ga almajirai a bakin ƙofa. Wanda ya yi makarantar kwana kuma ya san inda tuwon da aka ƙi ci yake ƙarewa.

Ba muna cewa tsintar leda za ta kawar da yunwa ba ne. Yunwa tana da manyan iyaye: fari, ambaliya, yaƙi, rashin tsaro da ke hana noma, tsadar kaya. Waɗannan sun fi ƙarfin ɗan aji biyu na babbar sakandare. Amma tunkiyar gidanku da jujin gidanku da buhun waken gidanku ba su fi ƙarfinsa ba.

Gagarawa ce zangonmu na ƙarshe, a hanyar dawowa. Garin yana kan tsohon layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, shi ya sa har yau ake cewa Gagarawa Tasha. Ta wannan layi gyaɗar ƙasar nan take bi zuwa Kano a buhunan algarara, waɗanda ake ɗinkewa a sake lodi har sai sun mutu, in sun mutu kuma su ruɓe. A nan muka ci karo da wani ɗan gwangwan da kurarsa da sikelinsa. Mun leƙa kayansa: ƙarfe, tsohuwar tukunyar dalma, fasasshen bokiti, takalman roba, gorunan lemo. Duk waɗannan suna da farashi, shi ya sa da wuya ka gan su a yashe. Ledar fiya wata ma a manyan birane akwai masu saye a kilo in an tara da yawa. Baƙar leda ce ya ce ko kyauta ba ya ɗauka, ba ta da nauyi, ba ta da mai saye.

A garin ne kuma muka haɗu da wasu ɗalibai 'yan sakandare, ba su kai goma ba, da suka ɗauki wani aiki ba tare da kowa ya sa su ba. Ba su da ƙungiya mai suna, ba su da riga iri ɗaya. Wanda ya fara abin, tunkiyar mahaifiyarsa ce ta mutu bara, aka buɗe aka ga abin da aka saba gani. Tun daga nan in an aike shi sayen ƙosai ko waina da kwano yake zuwa, in cefane ne da jakar buhu da ƙanwarsa ta ɗinka. Ya ce makon farko ya sha tsiya wurin abokai, har suna aka sa masa, mai ƙosan kuwa murna ta yi don ledar da kuɗi take saya. Ruwa kuma a gora yake zuwa da shi makaranta. Ya yi mana wani lissafi a ƙasa da tsinke, wanda kowa zai iya yi wa makarantarsu: in ɗalibai 500 ne, kowa ya sha fiya wata biyu a rana, leda 1,000 ke nan, a zangon karatu mai ranakun makaranta 65, leda 65,000.

Babban aikinsu shi ne raba shara biyu tun daga tsakar gida, mai ruɓewa daban, marar ruɓewa daban. Sun ce raba ta a lokacin shara minti biyu ne, raba ta a gona kuwa kwana biyu. Mai ruɓewar suna kai ta wani rami da suka haƙa a inuwa, zurfinsa ya kai ƙugu. Suna shimfiɗa kara da busasshen ganye a ƙasa, sai kashin dabbobi, sai sharar kicin, sai a barbaɗa toka da 'yar ƙasa, a sake maimaitawa har ya cika. Ruwa yana da wuya a nan, don haka ruwan alwala da na wankin hatsi suke tarawa su yayyafa, daidai yadda zai yi damshi ba ya jiƙe sharkaf ba. Duk bayan mako biyu ko uku su juya shi. Ɗaya daga cikinsu ya sa muka tura hannu ciki, muka ji ɗumi kamar tukunyar da aka sauke, alamar ƙananan halittun nan suna aiki. A cikin wata biyu zuwa uku yake zama baƙi, mai laushi, babu wari. Suna so ya nuna kafin ruwan shuka, wanda a wannan yanki yakan sauka wajen watan Yuni. Batir kuwa ba sa barin ya kusanci ramin ko kaɗan.

Gorunan roba da ƙarafa suna ba ɗan gwangwan, kuɗin su sayi alli da sabulu. Ledar fiya wata sun yanke bakinta sun cika da ƙasa da takin, sun shuka zogale da darbejiya a ciki, an jera su a gindin katanga ana ba su ruwa da yamma. Abin da ya gagare su shi ne baƙar leda. Buhu uku suka tara, an danne su da dutse a bayan wani ɗaki don kada awaki su kai gare su. Wani ya ce a ƙone, sauran suka ƙi saboda hayaƙin. Wani ya ce a haƙa rami mai zurfi nesa da gona a binne. Wata ɗaliba da ta iya saƙa da ƙwarashi ta ce a ba ta buhu ɗaya ta wanke ta gwada igiya da tabarmar ƙofa. Har motarmu ta tashi ba su gama shawara a kan sauran biyun ba.